Kanti, Shagon Abaya ko Telan Gida: Ina Dattijuwa Za Ta Samu Suturar Kirki a Ingila?

Da zarar kaka ta juya an fara kunna hita a gidaje, tambayar da na fi sha daga yaran nan namu na Manchester ita ce: "Anti, Mama za ta zo min jego, ina zan kai ta sayayya?" Sai in yi murmushi. Ni da ake tambaya na ba hamsin baya da shekara tara, na kuma haura shekara ashirin a ƙasar nan, amma har gobe nakan shiga kanti in zaga hawa biyu in fito hannu rabbana.

Da can na ɗauka mu ne kawai abin ya dama, mu Musulmi masu neman abin da zai rufe damtse da ƙwauri. Wata maƙwabciyata Baturiya, mai shekara saba'in da ɗoriya, ita ta warware mini wannan. Mun haɗu a tashar bas kowacce da jaka fayau, ta ce ita ma abu biyu take tararwa a kanti: kayan jikokinta, ko kuma wata riga mai launin toka kamar labulen asibiti. Hannun riga take nema, da wuyan da ba zai sa ta yini tana jan sa sama ba, da aljihu. Na ce ashe ciwonmu ɗaya.

Kukan nata yana da tushe. Kowane gari a Ingila yana da babban titin shaguna a tsakiyarsa, kuma daidai kantunan da manyan mata suka dogara da su a wannan titi su ne suka mutu a jere. BHS ya durƙushe a 2016. A ƙarshen 2020 kamfanin Arcadia ya faɗi, ya tafi da shagunan Wallis da Dorothy Perkins da Evans, wanda shi ne na masu jiki. Sunayen suka koma intanet. Debenhams, da asalinsa ya kai shekarar 1778, ya rufe ƙofarsa ta ƙarshe a watan Mayun 2021, bayan Boohoo, kamfanin kayan 'yan mata na nan Manchester, ya sayi sunan a kan fam miliyan 55 ya bar gine-ginen. Waɗanda suka fi yawa a titin yanzu masu sayar da kayan yayi ne, yau a rataye gobe a sauke. Lissafinsu kuwa a fili yake. Dogon hannu yadi ne, tsawo yadi ne, shafi yadi ne, aljihu ƙarin aiki ne, kuma yadin roba ya fi auduga araha. Jikin da ya haihu biyar, ciki ya fito, kafaɗa ta ɗan ranƙwafa, yana buƙatar yanka na tunani. Jikin 'yar shekara ashirin kusan komai aka yafa masa ya zauna.

Sai maganar lamba, wadda ita ta fi ɓata wa baƙuwa rai. Babu wata doka da ta tilasta wa kantuna bin awo ɗaya, don haka lamba 16 a wannan shago na iya zama 18 a na kusa da shi. Wani babban awo da aka yi wa mutum dubu 11 a Birtaniya, aka fitar da sakamakonsa a 2004, ya nuna ƙugun mace matsakaiciya ya tashi daga inci 27 da rabi a 1951 zuwa inci 34. Jiki ya buɗe, kowane kamfani kuma ya faɗaɗa lambobinsa yadda ya ga dama. Ki kai Hajiya wadda duk rayuwarta tela ne ke sa mata tef, ki ce ta shiga ɗakin gwaji da riguna uku masu lamba ɗaya, ɗaya ta ƙi wuce ƙirji, ɗaya ta yi mata buhu. Ba za ta ce komai ba. Za ta ce ta gaji, a tafi gida.

Ga kuma jarrabawar da babu mai yanka a kamfanonin nan da ya taɓa tunaninta. Hannun rigar yana naɗuwa ya wuce gwiwar hannu a yi alwala, ko sai an tuɓe? In an yi ruku'u bayan yana ɗagewa? Za a iya zaman tahiya a ciki da gwiwa mai ciwo? Zif ɗin a baya yake, inda kafaɗar da sanyi ya kama ba za ta kai ba? Doguwar rigar kanti sau da yawa takan ci ɗaya ta faɗi uku. Wadda ta kai idon sawu sai ki juya ta ki ga tsaga har cinya. Wadda ba ta da tsaga ba ta da hannu. Wadda ta haɗa duka, ki ɗaga ta a haske ki hango yatsunki ta ciki. Na taɓa sayen wata a wani babban kanti da murna, shuɗiya mai kyau, na sa ta zuwa walima a bazarar 2022, shekarar da zafi ya haura maki 40 a ƙasar nan. Roba ce zalla. Duk macen da al'ada ta ɗauke mata ta san zafin nan da ke tasowa daga ƙirji ba sallama. Ki haɗa shi da rigar roba, kamar an naɗe ki a leda an ajiye a rana. Tun ranar ban ƙara sayen riga ba sai na juya cikinta na karanta 'yar takardar da ke gefen ɗinki. Auduga, lilin, ulu, ko biskos in babu yadda za a yi. In na ga foliyesta kashi 100, na mayar.

Duk da haka ba zan ce a ƙaurace wa kanti ba, don akwai abin da babu wanda ya kama ƙafarsa a kai, shi ne yaƙi da sanyi. Hunturun Kano da muke kuka da shi, cikin dare ne yake sauka wajen maki 13. A nan watan Janairu da rana tsaka ba kasafai yake wuce 7 ba, ga iska, ga yayyafi mai naci. Babu telan da zai ɗinka miki abin da zai tare wannan. 'Yar ciki mai riƙe ɗumi, riga da wando, siririya wadda ke ɓuya a ƙarƙashin atamfa, ita ce abu na farko: Marks & Spencer suna da tasu mai suna Heatgen, Uniqlo suna da Heattech, Damart kuma sun daɗe a wannan sana'a. Sai suwaita mai maɓalli a gaba, ba wadda ake zurawa ta ka ba, don a iya cirewa a gida mai hita ba tare da an kwance ɗankwali ba. Sai doguwar kwat da ruwa ba ya ratsawa, mai hula, wadda ta sauka ƙasan gwiwa. A sayi kwat da lamba ɗaya sama da ta jiki, kuma a gwada ta a kan cikakkiyar shiga, ba a kan rigar barci ba.

Takalmi ma na kanti ne. Ƙafar dattijuwar da ta saba da silifa faffaɗa ce, wani lokaci da kumburi, kuma Clarks da Hotter da Marks & Spencer duk suna yin takalma masu faɗi na musamman. A nemi mai zif a gefe, saboda ƙofar masallaci da kuma sunkuyo. Rigar mama kuwa, a Marks & Spencer mace ce ke yin awo kuma kyauta ne. Na san kunya, ni ma sai da aka ja ni. Amma mata da yawa sun shekara talatin suna sa lambar da ba tasu ba, suna ɗora wa tela laifin zaman riga.

Primark, kantin kayan araha, fa? Safa, safar hannu, kayan barci, 'yan kayan zaman gida. Ga mai zaman wata uku ya wadatar. Ga abin da ake so ya shekara, araha ba ta ado.

Wani abu kuma da kanti ya fi kowa: ana gwadawa, ana kuma mayarwa. Sai dai a san iyakar haƙƙi. Kayan da aka saya a cikin shago, in ba aibi gare shi ba, doka ba ta tilasta a karɓa. Yawancin manyan kantuna suna karɓa ne bisa tsarin kansu, da rasit da tambari a jiki. In da aibi, akwai kwana 30 na mayarwa a karɓi kuɗi. Wanda aka yi oda ta intanet kuwa, akwai kwana 14 na fasawa ko ba dalili, ban da abin da aka ɗinka bisa awon mutum.

Hanya ta biyu ita ce shagunan 'yan uwanmu Musulmi 'yan Asiya da Larabawa da Somaliyawa. A Landan akwai Whitechapel kusa da babban masallacin gabashin birnin, da Green Street, da Southall. A Birmingham akwai Alum Rock da Stratford Road. Mu a nan muna da Longsight da Cheetham Hill da Rusholme. A nan babu bayanin me ya sa ake son dogon hannu. Ki shiga, ki ɗauki abaya, ki zura a kan duk abin da ke jikinki, kin fita kunya cikin minti ɗaya. Ga zuwa asibiti, ga ɗauko jika daga makaranta, ga leƙawa kantin kusa sayen madara, babu kamarta.

Amma a lura da lambarta. Wannan 52, 54, 56, 58 da ake rubutawa ba faɗin jiki ba ne, tsawo ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa. Mace gajera mai jiki ita ta fi shan wahala: 52 ta yi mata daidai a tsawo ta matse ƙirji, 58 ta sake a jiki tana sharar titi. Sharar titi kuwa a ƙasar da ake ruwa kusan kullum ba ado ba ne. Gefen riga ya sha ruwa da dauɗa ya manne a ƙwauri, a matakalar lantarki kuma yana iya maƙalewa. Abayar Ingila a rage mata inci biyu daga tsawon da za a sa a Kano ko Madina. Sannan mafi yawansu yadin roba ne mai santsi, wanda ba ya ɗumi a sanyi kuma ba ya shan gumi a zafi. Na lilin da na auduga suna nan amma sai an tona, kuɗinsu kuma daban. Ƙananan shagunan nan da yawa ba sa mayar da kuɗi, sai dai musanya, don haka a tambaya kafin a biya.

Riga da wando irin na 'yan Pakistan, na auduga, suna da daɗi ƙwarai a bazara, kuma ni ina sa su a gida. Sai dai ba kowace Hajiya ce za ta yarda ba. Wata ƙawata ta saya wa surukarta kala uku, tsohuwar ta duba ta ce, "Allah ya yi albarka, 'yar nan," ta ninke su a ƙasan akwati, har ta koma Gusau ba su ga rana ba. Matar da ta shekara sittin da zani ba ranar da ta sauka a filin jirgi za ta koma wando ba. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: baƙar abaya kullum tana sa mace ta ɓace. Uwar da a gida ake gane ta da Super da gyale mai tsada, a nan ta zama wata baƙar inuwa a bayan keken jariri. Wasu ba su damu ba. Wasu yana cin su a rai ko ba su furta ba.

Ta intanet akwai kamfanoni irin su Aab na Landan da Modanisa na Turkiyya, masu dogayen riguna na mutunci da launuka. Kayan Turkiyya sun fi kusa da abin da mace mai aiki ke nema, doguwar riga da kwat mai tsawo. Illar ita ce ba a taɓa yadi ba, mai tallan rigar a hoto doguwa ce siririya, kuma odar da ta fito daga wajen Birtaniya in ta haura fam 135 tana iya jawo kuɗin kwastan, mayarwa kuma wani aiki ne. Wannan hanya ta wadda ta riga ta san awonta ce, ba ta baƙuwa ba.

Yanzu ga inda zuciyata take, telan gida. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma auduga ce in ta kirki ce. A ciki za a fitar da doguwar riga mai hannu yadda ake so, mai wuya yadda ake so, mai aljihu biyu, har ɗankwali ya fita. Babu lamba, jikinki ne lambar. Duk abin da maƙwabciyata Baturiya take kuka a kai, mu mun gaje shi a kowace unguwa muna rainawa. Ranar da na gaya mata cewa a garinmu kowace mace tana da mai ɗinka mata kaya, ta ɗauka 'yar sarauta ce ni, don a nan ɗinki bisa awo sai masu hali. Ko rage tsawon siket aka kai wa mai gyara, kuɗin yakan kusa na siket ɗin.

Yadi ba ya wuya ko a nan. Titunan Wentworth da Middlesex a gabashin Landan cike suke da atamfa da leshi da shadda, har Vlisco ta Holan da Getzner ta Ostiriya. Amma in dai a gida za a ɗinka, sayen a Kantin Kwari ya fi ma'ana, a huta da ɗaukar kaya sau biyu.

Matsalolin tela kowa ta san su, ba sai na tsaya kan "gobe ki dawo" da cunkoson Sallah ba. Wanda ya fi damun manya shi ne telolin yanzu ma sun kamu da ciwon kanti. Hannunsu ya saba da ɗamammen ɗinki na amare. Ki ce bubu, ya tsuke miki ƙugu "don ya fito da shef". Ki ce ba ado, ya watsa duwatsu a ƙirji. Ga nisa kuma: kina Manchester yana Zariya, awon da ke littafinsa na shekara huɗu da suka wuce ne. Abin da na koya bayan asarar turame masu yawa shi ne kada a aika awo ta waya. A aika rigar da ta fi zama daidai a jiki, a ce ya kwafe ta sak. A ce ya ƙara inci ɗaya a hammata da damtse saboda 'yar cikin ɗumi da za ta shiga ƙasa. Ya bar rara a cikin ɗinki don in jiki ya ƙaru a buɗe. Shafi na auduga, ba na roba ba, domin shafin roba yana kashe duk amfanin atamfar. Zif a gaba ko a gefe, ko ma babu. Tsawo ya tsaya a idon sawu. Kuma a fara da kala ɗaya, in ta yi sannan a ba shi sauran. In akwai tsohon tela ko mace mai ɗinki da ta manyanta, ita ce taki. Ta san inda riga ke cizo.

Ba kowane kayan gida ne ke jure Ingila ba. Zani da iskar tashar bas ba sa shiri, a mayar da shi siket mai roba a ƙugu ko doguwar riga. Shadda tana son bugu, kuma babu mai bugu a Manchester; in ta shiga injin wanki sau biyu ƙyallin ya tafi. Leshi mai huda-huda iska ke bi ta ciki. Waɗannan a ajiye su don Sallah da suna da biki. Na yau da kullum atamfa ce da yadi mara nauyi, waɗanda za su bushe a cikin ɗaki, tunda rana ba abin dogaro ba ce. Sai kuma jigila: akwati kilo 23 ne, kuma duk mai tahowa an riga an cika ta da kilishi da daddawa da kuka. A roƙi gurbi da wuri.

Shagunan ƙungiyoyin agaji, irin su Oxfam da British Heart Foundation, gwanjo ne da sunan Turanci, kuma wani ɓangare na abin da bai sayu ba a irin waɗannan wurare shi ake ɗaurewa dila-dila a tura Afirka. A unguwannin masu kuɗi ana dacen kwat ta ulu ta zamanin da ake ɗinki da gaske. Wa kanki, ki saya. Wa mahaifiyarki, ki tambaye ta. Wa surukarki, kada ki soma.

To, wa zai bi wace hanya? In Mama zuwan 'yan watanni za ta yi, kuma zama da bizar ziyara ba ya wuce wata shida, kada a ɓata kuɗi ana neman mayar da ita Baturiya. Ta zo da dogayen rigunanta na atamfa kala biyar ko shida, ɗinkin da aka yi da sanyi a rai, da hijabanta. Tun kafin ta sauka a tanadi 'yar cikin ɗumi biyu, safa, da kwat ko ta aro ce, a tare ta da su a filin jirgi. Takalmi da rigar mama kaɗai ne sai da ita, kuma a je da safe ranar aiki lokacin da kanti ba cunkoso. Abaya ɗaya ta isa.

In kuwa zaune kike a nan kamar ni, kina fita aiki, lissafin ya ɗan bambanta. Kanti zai ba ki wando mai faɗi, suwaita, kwat da takalmi. Dogayen riguna biyu ko uku na Turkiyya ko na shagunan Musulmi za su riƙe ranakun aiki. Duk abin da za a gan ki da shi a ce wance ce, daga tela zai fito, sau ɗaya a shekara, a aika tun watan Rajab kafin layin Sallah ya kama. Wadda kuɗinta bai kai ta yi duka ba, ta zuba shi a kwat da takalmi, don su ne ba su da madadi daga gida.

Maƙwabciyar tawa dai ba ta bar maganar ba. Bara da zan je gida ta kawo mini wata tsohuwar rigarta da ta ce ta fi shekara ashirin tana sawa, har gwiwar hannun ta sille, ta ce ko telan nawa zai iya yin irinta. Na zaɓo mata atamfa mai ruwan bula da ƙananan ganye, ya kwafe ta sak, ya sa aljihu biyu masu zurfi. Duwatsu uku ya liƙa a wuya duk da gargaɗin da na yi masa, na zauna da reza na ɓanɓare su a daren da zan taso. Ta sa ta zuwa bikin jikanta a watan Yuni, yanzu kuma ta kawo mini siket.